Wuƙar Baba Inuwa

Duk ɗalibin da aka turo mini zauren nan na Zaitawa don in ba shi labarin aikin lab ɗin asibiti, abin da nake fara tambayarsa shi ne ko ya taɓa wasa wuƙa. Yawancinku dariya kuke yi, ku ce ai yanzu reza ake maƙala wa inji, in ta dakushe a zare ta a jefar a ɗauko wata. Haka ne, ban musa ba, kuma ban ce a koma baya ba. Amma daga nan ne kuke ɗauka cewa aikin namu juya hannun inji ne kawai, kowa ma ya iya. To ku gyara zama. Ni Habu na shiga aikin nan gashina baƙi ƙirin, na fito yadda kuke ganina, kuma har ranar da na aje ban taɓa cewa na gama iya shi ba.

Ga wanda bai san abin da muke yi ba, bari in faɗa a gajarce. Likita zai yi wa mutum aiki, ya ciro ƙari daga wuya ko nono ko hanji, ya jefa a kwalbar fomalin don kada ya ruɓe, ya aiko mana. Mu za mu tsotse ruwan jikin naman da sifirit, mu tsoma shi a narkakken kaki har ya sha, mu bari ya daskare ya zama ɗan dunƙule. Sai a ɗaure dunƙulen a inji a riƙa yanka shi siriri, siririn da in ka yi numfashi da ƙarfi a kusa da shi tashi zai yi. A shimfiɗa yankan a kan ruwan ɗumi ya miƙe, a kwashe shi da gilashi, a rina shi shuɗi da ja, a kai wa likitan da ke duba madubi, na'urar nan mai ƙara girman abu. Shi ne zai ce ciwon daji ne ko ba shi ba ne. Mai ciwon yana can a kwance, 'ya'yansa sun shimfiɗa tabarma a baranda, kowa jiran abin da ke kan gilashin nan yake yi. In yankanka ya yi kauri, ko ya naɗe, ko wuƙa ta ja masa layi, likita na iya ganin abin da babu, ko ya rasa abin da ke akwai.

Aikin farko da maigidana Baba Inuwa ya ba ni, wata tsohuwar wuƙa ce da aka daina amfani da ita, bakinta duk giɓi. Ya ajiye mini ita da dutse da ruwan sabulu, ya ce in wasa. Baba Inuwa mutumin Dala ne, gajere, mai kaifin baki, in yana magana ba ya kallonka, aikin hannunka yake kallo. Na wasa har azahar, na kai masa ina jin kaina. Bai gwada ta a gashi ba, bai taɓa bakin da yatsa ba. Ya kwantar da ita a ƙarƙashin madubi ya ce in leƙa. Wallahi bakin da nake gani sumul da idona, a madubi kamar zarto.

"Wannan ka kai wa mai yankan rake," in ji shi. "Koma."

Haka na yi ta komawa, damina ta wuce, sanyi ya shigo, ban taɓa naman mutum ba. Na yi fushi, na yi ƙunƙuni, har na kai ƙararsa wajen mahaifina. Mahaifina ya saurare ni tsaf, ya ce gobe in yi sammako kada in makara. Sai da hannuna ya koyi nauyin da zai ɗora da wanda zai ɗauke, ya koyi tura wuƙa gaba a dutse da janyo ta baya a fata, sannan Baba ya buɗe mini wani akwati.

Akwatin katako ne, cikinsa ƙyalle mai laushi, wuƙar tana kwance a ciki. Ba irin wuƙar da kuka sani ba ce. Ƙarfe ne mai nauyi, tsawonsa ya kusa kamu ɗaya, bayansa da kauri, ya yi ta sirancewa har baki. Ba ta gwamnati ba ce. Baturen da ya koya wa Baba aiki ne ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu, tare da dutsen washinta, wani rawaya mai santsi da ban sake ganin irinsa ba, da fatar gogawa. Akwai wasu wuƙaƙe a lab ɗin, na yau da kullum, amma in nama ƙarami ne, ko mai laushi, ko wanda ba za a sake samun wani ba in ya lalace, wannan ake ɗaukowa.

Masu kawo mana aiki kuwa, Allah Ya ba mu haƙuri da su. Akwai likitan da zai aiko da nama da safe, kafin la'asar ya turo a tambayi sakamako, sai ka ce ƙosai muke soyawa. Akwai wanda ya taɓa aiko mini da ƙari a kwalbar man shafawa, cikin ruwan gishiri, ya kwana biyu a aljihun masinja. Da na buɗe sai da kowa ya fice daga ɗakin. Wani dattijo kuma daga ƙauye, an yanke wa ɗan'uwansa yatsan ƙafa an kawo mana, ya zo ya zauna a bakin ƙofa ya ce ba zai tafi ba sai an ba shi ya je ya binne. Baba ya ɗebi ɗan abin da muke bukata, ya naɗe sauran a farin ƙyalle da hannunsa ya miƙa masa. Ya ce mini naman nan na mutane ne, aro aka ba mu. Ban taɓa jefa kwalba a kan tebur ba tun daga ranar.

Akwai wata al'ada da Baba ya kafa, ba a cikin tsarin aiki take ba. Duk shekara in babbar salla ta matso, yakan naɗe dutsen nan ya tafi da shi gida, maƙwabta su kawo wuƙaƙen layya ya wasa musu, ba ya karɓar komai. Yakan ce dabbar da za a yanka don Allah ba ta cancanci dakusasshiyar wuƙa ba. Da lokacin ajiye aikinsa ya yi, ya kira ni ya ɗora mini akwatin da dutsen da fatar a hannu.

"Amana ce, ba kyauta ba," in ji shi. "In ka gaji ka nemi mai hannu ka ba shi. Kuma duk salla wuƙata ce farko a kan dutsen nan, ko da liman ne ya riga ni kawowa."

Haka kuwa aka yi ta yi. Al'adar ta tashi daga Dala ta dawo Zaitawa. Ana saura 'yan kwanaki salla zauren nan zai cika da wuƙaƙe a naɗe a tsumma da takarda, ni kuma in fara zuwa Dala in karɓo ta Baba, in wasa ta, in mayar masa, sannan in waiwayi na sauran.

Shekarun ƙarshe na mulkin soja mun ji jiki. Kaki ya ƙare, sai mu tace wanda muka yi amfani da shi mu sake narkawa. A ɗauke wuta ana tsakar aiki, dunƙule ya yi laushi a inji, in fita in nemo ƙanƙara wajen masu sayar da ruwan sanyi in ɗora a kai. Likitoci da yawa suka tattara suka bar ƙasar. Da soja suka miƙa mulki ga farar hula sai gari ya ɗan saki, kowa na cewa yanzu abubuwa za su gyaru. Ba duka suka gyaru ba, amma wasu daga cikin waɗanda suka tafi sun dawo. Cikinsu akwai wani likitan tiyatar kai, da Dakta Saude, wadda aka ba ta duba madubi a sashenmu. 'Yar cikin gari ce, ta yi shekaru a waje, ba ta da hayaniya. In ta karɓi gilashi takan ce, "Sannu da aiki, Malam Habu," kafin ta duba, ba bayan ta duba ba. Na ji daɗin aiki da ita.

Aikin da nake so ku ji ya zo ne gab da babbar salla ta farko bayan miƙa mulkin. Ɗan nama ne fari-fari, bai fi ƙwayar wake ba, daga ƙwaƙwalwar wani shugaban makarantar firamare. Mutumin da aka ce da damina yana tsaye yana koyar da lissafi, kafin sanyi ya fita ya daina gane 'ya'yansa, tafiya ta gagare shi, jikinsa sai zabura yake yi. Likitoci sun yi zaton kumburin ƙwaƙwalwa ne irin wanda magani ke ji, shi ya sa likitan tiyata ya huda ƙoƙon kai ya ɗebo wannan ɗan kaɗan. Abin da aka rubuto mana ke nan, ba wanda ya kawo wani abu daban a ransa. Nama ƙarami, mai laushi, ba za a sake samun wani ba. Na buɗe akwatin Baba.

Wuƙar ta yanka shi lafiya lau, yankan na fitowa a jere kamar zare. Na rina, na busar, na leƙa a madubina kafin in kai, don ban taɓa miƙa wa likita abin da ban gani ba. Naman duk ramuka ne, ƙanana, zagayayyu, birjik, kamar soson wanka.

Ku da kuka yi karatu yanzu wataƙila da kun gani za ku tuna wani shafi a littafi. Mu abin da aka koya mana shi ne rami a gilashi laifin mai yanka ne. Ko ka yi gaggawar tsotse ruwa, ko kakinka ya yi zafi, ko wuƙarka ta fara dakushewa tana yagar nama. Baba ya sha jefo mini gilashi a kan wannan. Don haka ban yi tunanin komai ba sai kunya. Na cire wuƙar, na goge ta da tsumma, na ɗora ta a dutse na wasa, na goga a fata, na sake yanka. Ramuka. Na sake cirewa, na sake wasawa, wannan karon har sai da kafaɗata ta yi tsami. Na sanyaya dunƙulen, na rage gudun hannuna. Ramukan suna nan inda suke. Da na ga naman zai ƙare a banza, na tattara gilasan na nufi ofishin Dakta Saude, ina shirya yadda zan ba da haƙuri.

"Dakta, a yi mini afuwa," na ce. "Ban san abin da ya sami hannuna ba. Na yi iya yina, rami ya ƙi fita."

Ta ɗora gilashin farko ta daɗe ba ta ɗago ba. Ta canza na biyu, ta ƙara girman madubin. Sannan ta tashi ta tura ƙofa ta rufe.

"Malam Habu, hannunka lafiyarsa ƙalau. Ka yanke ko ka ƙuje a wajen aikin nan?"

Na duba yatsuna na ce a'a.

"Alhamdu lillahi. Da wace wuƙa ka yanka?"

"Ta Baba Inuwa."

"Ka wasa ta bayan ka yanka?"

"Ai ba sau ɗaya ba ma."

Ta runtse ido, ta ce in zauna. Ta tambaye ni ko ina jin labarin cutar haukan shanu da gidajen rediyo suke ta yi a shekarun nan. Na ce ina ji, amma ai ta Turai ce. Ta ce wannan 'yar'uwarta ce, amma ba daga cin naman shanu ake ɗaukar ta ba, haka kawai take tasowa a jikin mutum jefi-jefi a ko'ina a duniya, ba a san dalili ba. Za ta aika wa abokan aikinta a waje su tabbatar, amma ta ga irin wannan a can, ba ta shakka.

Na ce, "To wace irin ƙwayar cuta ce? A faɗa mini abin da ke kashe ta in jiƙa kayana a ciki."

"Matsalar ke nan, ba ta da rai balle a kashe ta," in ji ta.

Ga yadda ta bayyana mini, kuma ban taɓa mantawa ba. Ta ce a jikin kowace ƙwayar halitta ta ƙwaƙwalwa akwai wani furotin, ni da ita duk muna da shi. Furotin kamar dogon zare ne da jiki ke naɗewa a wani fasali na musamman, in ya naɗu daidai sai ya yi aikinsa. Wani lokaci guda ɗaya sai ya naɗu a karkace. Da a nan ya tsaya da ba komai. Amma in ya haɗu da lafiyayyen ɗan'uwansa sai ya manne masa ya tilasta shi ya ɗauki irin karkacewarsa. Ta ce in ɗauka tela ne ya yanka riga a karkace, yaransa kuma suka riƙa ɗora ta a kan sabon yadi suna bin gefenta da almakashi, kowace sabuwa ita ma a ɗora ta a kan wani yadin. Karkatattun suna manne wa juna su zama curi, curin in ya yi tsawo ya kakkarye, kowane gutsure kuma ya zama sabon abin kwaikwayo.

Na ce, "To ya yake fita daga wannan ƙwaya ya shiga waccan?"

Ta ce ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ba a ware suke ba, zaman cikin gari suke yi, katanga ɗaya, kuma kullum suna aika wa juna ƙunshi kamar yadda gidajenmu ke aika wa juna kwanon abinci. Ƙwayar da curin ya dame ta sai ta ƙunsa gutsuren ta fitar, maƙwabciya ta karɓa ba ta san me ke ciki ba. Wani kuma ya bi dogon hannun jijiya ya ɓulla can wata unguwar ta ƙwaƙwalwa. Wata ƙwayar in ta mutu ta fashe, abin cikinta ya watsu ga na kusa. Jiki ba ya yaƙar sa, don ba baƙo ba ne, nasa ne. Duk inda ya ratsa sai ƙwayoyin su kumbura da ƙananan kumfa, su mutu, su bar gurbi. Ramukan da na yini ina zargin kaina a kansu ke nan.

Shekaru bayan haka na ji ɗalibanta suna cewa an gano mantuwar tsufa da ciwon karkarwar jiki su ma da nasu furotin ɗin da ke bin wannan hanya daga ƙwaya zuwa ƙwaya, sai dai su ba a san su da tsallakawa daga mutum zuwa mutum a zaman yau da kullum ba. Wannan ku kuka fi ni sani. Ni abin da ya dame ni a ranar shi ne abin da ta faɗa daga ƙarshe.

Ta ce fomalin ba ya taɓa shi, ƙara masa ƙwari ma yake yi. Sifirit ba ya taɓa shi, tafasawa ba ta taɓa shi. Yana kama ƙarfe ya riƙe gam. Tsumma da fata da kakin da ya zuba, ƙona su za a yi. Inji za a wanke da soda mai ƙarfi irin ta masu yin sabulu. Dutse kuwa ya sha ruwan, ba mai iya shiga cikinsa ya wanke. Na ce na ji, dutse ya tafi, amma wuƙa ai ƙarfe ce sumul. Ta ce a inda take a da akwai tukunyar tururi mai kai zafin da ake bukata bayan an jiƙa a soda, tamu kuwa ni ma na san halinta, rabin zafin ma sai an yi sa'ar wuta.

"Ba zan yi maka ƙarya ba, Malam Habu," in ji ta. "Hatsarin kaɗan ne. Ba a ɗaukar cutar nan ta numfashi ko musabaha ko cin abinci tare. Mai yiwuwa ka yi ta aiki da wuƙar nan har ka tsufa ba abin da zai faru. Amma wuƙa ce, wata rana za ta yanki wani. Kuma ba ni da abin da zan gwada in ce maka ta tsarkaka."

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na nuna. Na ce mata wuƙar nan ta girme ta, ta yanka naman mutanen Kano tun kafin a haife ta ba ta taɓa cutar da kowa ba. Ta bar ni na gama. Sai ta ce ta ji an ce duk salla nakan tafi da dutsen gida. A lokacin nan zaurena cike yake da wuƙaƙen mutane, washegari nake shirin naɗe dutsen. Na tuna yadda nake wasa wuƙa in miƙa, mai ita ya gwada ta a babban yatsa, ya je ya yanka rago, ya feɗe, mata su yi ta aikin nama da ita kwana da kwanaki, kowa hannunsa da ɗan yanka. Ban sake yi mata musu ba. Muka jiƙa wuƙar da dutsen a bokitin soda, muka rufe, ta ce a sa birkila ya haƙa rami a bayan lab a zuba musu siminti. Na roƙe ta abu ɗaya, kada a zuba sai na je Dala, don kayan ba nawa ba ne.

Iyalan shugaban makarantar kuwa, Dakta ta zauna da su da kanta. Ta gaya musu ba magani, amma ba sammu ba ne, ba laifin kowa ba ne, kuma ba za su ɗauka don sun yi jinyarsa ba. Babban ɗansa ya ce da ma sun gaji da yawo da shi wajen masu magani, kowa da abin da yake faɗa, har an fara nuna wa juna yatsa a dangi. Suka mayar da shi gida cikin iyalinsa, a can ya cika bayan salla. Allah Ya jiƙansa.

Maƙwabtana na mayar wa kowa wuƙarsa na ce dutse ya lalace, su kai wa masu washi a kasuwa. Alhaji Ɗanlami, wani marini na Ƙofar Mata da muke katanga ɗaya, ya ce dutse dai ba madara ba ne balle ya lalace, in na fara jin kaina ne don an yi farar hula an ƙara mana matsayi, in faɗa. Na ce ya yi haƙuri. Wannan duk mai sauƙi ne. Zuwa Dala ne ya tsaya mini a wuya, har na hau acaɓa na sauka tun kafin unguwar, na ƙarasa da ƙafa don in sami abin faɗa.

Na tarar da Baba a ƙofar gida a kan buzu, ragonsa ɗaure a gefe yana cin harawa. Ya tsufa, ido ya yi rauni, amma bakin yana nan. Muka gaisa, ya jawo wuƙar layyarsa a naɗe a takarda daga ƙarƙashin buzun ya miƙo.

"Ka makara bana. Na ɗauka farar hular ce ta ɗauke ka."

Ban karɓa ba. Na durƙusa na ba shi labari tun daga ƙwayar wake har bokitin soda. Ban iya bayanin Dakta kamar ita ba, amma na yi bakin ƙoƙarina. Da na zo wajen siminti sai na ce, "Baba, amanarka ce, ga yadda ta kasance a hannuna."

Ni kuwa na shirya wa faɗa, don na san shi. Sai ya mayar da wuƙar layyar ƙarƙashin buzu, ya laluɓo sandarsa.

"Samo mana tasi. Ba na yanke hukunci a kan gilashin da ban gani ba."

Rabonsa da lab tun ranar da ya aje aiki. Da muka shiga ya tsaya ya shaƙi warin fomalin, ya ce har yanzu ba mu gyara tagar nan ba. Dakta Saude ta taso ta rusuna ta gaishe shi, ta ja masa kujerarta, ta ɗora gilashin farko, wanda na yanka kafin in fara zargin kaina. Baba ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa, ya kafa ido. Hannunsa na rawa a kan sanda, amma da ya kama maɓallin madubin sai ya tsaya cak. Ya bi naman daga wannan gefe zuwa wancan a hankali, ya dawo, ya sake bi. Na san abin da yake nema. Yana duba ko akwai layin da giɓi ya ja, ko inda kauri ya bambanta, ko inda gefe ya yage. Ni da Dakta muna tsaye ba mai motsi.

Ya ɗago, bai kalle ni ba, ita ya kalla.

"'Yata, gaya mini tsakaninki da Allah. Ramukan nan na ciwon ne, ko na wuƙata ne?"

"Na ciwon ne, Baba. Ba don yankan ya fita sumul haka ba, da ni ma sai in ce laifin wuƙa ne, in sa a sake huda kan bawan Allahn nan."

Ya gyaɗa kai. Ya mayar da hularsa, ya gyara mata zama, ya dafa kafaɗata ya miƙe.

"To ta gama aikinta," in ji shi. "Habu, kira birkilan. Ni zan zuba cebur na farko."